Ƙafar Hagun Lonzo

Litinin, 8 ga Oktoba, 1984, da hantsi

Lonzo bai hau sama ba yau. Tun da muka buɗe ɗakin koyon rawar nan a saman gidanmu, ban taɓa ganin an fara ajin Litinin mijina yana zaune a ƙasa ba. Wai takalmi ne ya matse shi. Takalmin da ya girmi rabin ɗalibanmu, wanda ya san ƙafarsa fiye da yadda na san ta. Na ce masa to.

Ni na karɓi ajin manya. Waɗannan sun wuce a nuna musu inda ake ajiye ƙafa. Ƙarfen dunduniya da na kan yatsu da ke ƙasan takalmansu sun riga sun zame musu harshe, saura su koyi abin da za su faɗa da shi. Na sa su suka gaisa da daɓen katako kamar yadda yake sa su, a hankali, yatsu tukuna sannan dunduniya. Ba wanda ya tambaye ni komai sai Charmaine, direbar bas ɗin nan mai dogayen ƙafafu, wadda duk Filadelfiya ba mu da ɗaliba kamarta.

"Mama Zella, ina Baba?"

"Yana hutawa."

"Baba Lonzo? Hutawa? Sai dai in wani ne mai kama da shi."

Na ce ta rufe baki ta buɗe ƙafa.

Da suka tafi na share daɓe.

Laraba, 10 ga Oktoba, da yamma

Ya fara kwana da safa. Wai sanyi yake ji.

Na tsinci takardun alewa a aljihun kwat ɗinsa, alhali tun bara likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon sukari. Na jera su a kan tebur kusa da kofinsa. Ya kalle su, ya kalle ni, ya ce, "Ɓeraye sun yi yawa a gidan nan, Zella."

Yau ina yanka ganye sai na tuna ranar da na fara ganinsa. A kwanar titin South ne, kafin yaƙin duniya na biyu. Na taso daga gidan wanki da kwando a kaina, na tarar da samari sun yi da'ira suna gasar rawa a kan wani tsohon ƙyauren katako. Shi ke tsakiya, siriri kamar tsinke, ya ƙusa marafen kwalba a ƙasan takalminsa don ba shi da ƙarfe na gaske. Duk wanda ya shiga sai ya kora shi. Na tsaya na ce, "Shi ke nan abin da kuke ta yi wa ihu?" Ya ce, "To 'yar wanki, sauke kayan ki nuna mana." Na sauke. Abin da ya buga, na maido masa da shi, na ƙara masa wutsiya. Samarin nan suka yi ta ihu suna jefa huluna sama. Shi kuwa ya ɗauki kwandona ya raka ni har gida, sai a bakin ƙofa ya ce, "Wutsiyar nan, sake yi in gani."

Har yau yana cewa shi ya ci.

Juma'a, 12 ga Oktoba, da safe

Na ga ƙafar.

Juma'a, da la'asar

Na yi aji. Na share daɓe. Na dafa wake da burodin masara, bai ci ba.

Talata, 16 ga Oktoba, da azahar

Mun je wurin likita. Yaro ne, da kyar in ya kai talatin da biyar, mai ladabi. Ya daɗe yana dubawa. Ya danna nan, ya danna can, yana tambaya, "Ka ji wannan, Mista Whitlock? Wannan fa?" Lonzo yana ta cewa ya ji. Ina tsaye a gefe ina kallo, wani lokacin ma likitan bai taɓa shi ba ya ce ya ji.

Daga baya likitan ya ja kujera ya zauna kusa da mu. Ya yi bayani mai tsawo, ban riƙe rabinsa ba. Abin da na riƙe shi ne yatsansa. Ya ɗora shi a kan wandon Lonzo, ƙasa da gwiwa kaɗan, ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, inda za a yanke. Ya ce kuma kada a ja lokaci.

Lonzo ya ce, "Ɗan nan, ka san sana'ata?"

"An faɗa mini, yallaɓai."

"To, ba a faɗa maka daidai ba. Zella, miƙo mini hulata."

Muka shiga tasi. Yana ta buga wani kiɗa da yatsunsa a jikin taga.

Alhamis, 18 ga Oktoba, da yamma

Ɗalibai sun fara gane. Ba su faɗa ba, amma sun daina dariya a kan matakala.

Matsalar ajin ita ce "Ruwan Agusta". Tun bazara yake koya musu ita, ita ce rawarsa da ya fi ƙauna, wadda ya tsara yana tuna yadda ruwa ke sauka a kan rufin kwanon gidan uwarsa a jihar Karolina. Rabin farko yayyafi ne, sun iya shi. Rabi na biyu kuwa, inda sama ke tsagewa, duk nauyinsa a ƙafar hagu yake, kuma ba wanda ya iya shi sai shi. Ni kaina ban iya ba. A zamanin da muke yawon wasa, lokacin da yake yin wannan ɓangaren ina bayan labule ina canza riga. Kunnena ya haddace shi, ƙafata ba ta san shi ba.

Charmaine ta ce, "Mama, ko ki rera mana da baki, mu lalubo?"

Na rera. Suka lalubo wani abu. Ya yi kama da ruwa, amma ruwan famfo.

Ina sharar daɓe na tuna motar da muke bi zuwa jihohin Kudancin Amurka, mu da makaɗa da akwatunan kaya. A kira mu a cika gidan wasa maƙil saboda mu, amma da yake mu baƙaƙen fata ne, ta ƙofar baya za mu shiga, kuma in an tashi babu masaukin da zai karɓe mu, sai gidajen matan coci. Wata rana a Jojiya muka kwana a ɗakin girkin wata tsohuwa, ta ce ba za ta bar mu mu tafi ba sai mun yi mata rawa. Muka yi mata a kan teburin cin abinci, kwanuka na tsalle. Ban san dalilin da ya sa na fi tuna wannan tebur a kan manyan dandamalin New York ba.

Asabar, 20 ga Oktoba, da safe

Na canza zanen gado. Na buɗe tagogi duka, ko da yake akwai sanyi. Ya tambaye ni dalili, na ce ƙaurin girki ne. Mu biyun mun san ban yi girki ba.

Lahadi, 21 ga Oktoba, bayan coci

Ni na gaya wa Cato, a bakin coci. Ban san wanda zan gaya wa ba. Cato Finch abokin Lonzo ne kuma abokin hamayyarsa tun suna yara a kwanar South, shekara hamsin suna zargin juna da satar taku. Ya biyo ni gida da sandarsa da jar hularsa, ya faɗa ɗaki ko sallama babu.

"Kai tsohon banza, an ce ka kwanta kana jiran a yi maka kuka."

"Wa ya buɗe wa ɓarawon nan ƙofa? Zella, ɓoye takalmana."

"Me zan sata a wurinka? Duk abin da kake da shi ni na yar ka tsinta."

Suka yi ta yi. Na kawo kofi. Lonzo har ya tashi zaune, fuskarsa ta dawo irin ta da. Sai Cato ya nuna bargon da sandarsa ya ce, "Wannan ce kake yi wa gardama? Ta hagu? Haba mutumina. Ai ni na san ta tun tana yarinya. Malalaciya ce. Ta dama ce ta goya ta duk tsawon shekarun nan, ita sai dai cin suna. A ba su abarsu su tafi da ita."

Lonzo ya yi dariya har ya ƙware. Sai dariyar ta tsaya cak. Ya ce, "Cato, fita mini daga gida."

"Zan fita. Amma ka ji ni da kyau. Na binne Slim, na binne Otha, na binne 'yan'uwan Mabry su biyu. Kai kaɗai ka rage da zan zaga. In ka tafi, wa zan zaga? Waɗannan yaran da ke ce mini yallaɓai?"

Ya fita. Na same shi a tsaye a bakin ƙofa, wai yana neman makullinsa a aljihu. Ya daɗe yana nema.

Laraba, 24 ga Oktoba, da asuba

Zazzaɓi.

Laraba, da yamma

Mun yi faɗa. Ba irin namu na kullum ba.

Na kawo masa romo, na ce likita ya bugo waya. Ya ce in ya sake bugowa in ce masa an gode. Ya ce da ƙafa biyu ya zo duniya, da su ya ci abinci, da su ya same ni, da su zai koma. Ya ce ba zai zauna a kujera mai taya yara na tura shi suna cewa da can wannan ɗan rawa ne ba.

Na ajiye kwanon da ƙarfi har romon ya zube. Na ce, "Lonzo Whitlock, ƙafa na aura ko mutum? Allah bai ba mu ɗa ba, ban taɓa kuka a gabanka ba. Ka ce mu biyu mun ishi juna, na yarda. Yanzu kuma za ka kwashi rabin ka tafi saboda kada a gan ka a kujera? Su wa za su gan ka? Ni ce zan gan ka. Ni ce zan tura kujerar. An tambaye ni na ce ba na so?"

Ya juya fuska bango.

Na hau sama, babu aji, babu kowa. Na share daɓen da na riga na share.

Juma'a, 26 ga Oktoba, da hantsi

Bai yi mini magana ba tun shekaranjiya. Yau ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki gaya wa yaran su zo gobe. Duka. Da takalmansu."

Asabar, 27 ga Oktoba, da yamma

Bari in rubuta wannan tun yana sabo.

Sun zo duka, har waɗanda suka daina zuwa. Maza biyu suka ɗauke shi da kujerarsa suka hau da shi, yana ta yi musu tsawa wai ba buhun dankali suka ɗauko ba. Ya sa farar rigarsa da kambun wuya. Cato ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi, ya zauna can kusurwa kusa da fiyano.

Lonzo ya ce su yi masa yayyafin. Suka yi. Ya ce ba laifi, wato a bakinsa sun yi kyau ƙwarai. Sannan ya fara koya musu rabi na biyu daga zaune. Yana rerawa da baki, yana bugawa da tafukan hannu a cinyoyinsa, hannun dama ƙafar dama, hannun hagu ƙafar hagu. Gumi na zubo masa. Guntu guntu suka riƙa ɗauka, har aka zo wurin da sama ke tsagewa. Nan kowa ya tsaya. Charmaine ce kaɗai ta ci gaba, ta yi, ya ce a'a. Ta sake, a'a.

"'Yata, gudu kike yi. Ruwa ba ya gudu, faɗowa yake yi. Saki ƙafar."

"Baba, na sake ta."

"Kin riƙe ta a idon sawu kamar birkin bas ɗinki. Saki!"

Ta sake, hawaye ya cika mata ido. Ta ce, "Baba, ba na ji da hannu. Sai na gani."

Na ga ta so ta haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

Ya ce, "Zella, takalmana."

Na so in ce a'a. Na ga idonsa, na sauka na ɗauko. Na durƙusa na sa masa na dama. Na hagun bai shiga ba saboda kumburi da bandeji. Cato ya taso, ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga fatar takalmin daga sama har kan yatsu, ya ɗaure shi da igiyar nasa takalmin.

Ya miƙe. Ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, na ji zafin jikinsa ta cikin rigata. Ya ce, "Sau ɗaya zan yi. Wanda ya ƙifta ido, shi ya sani."

Ya yi.

Shekara arba'in ina jin wannan ɓangaren daga bayan labule. Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Ashe ƙafar ko tashi daga ƙasa ba ta yi sosai. Rawa take yi kawai daga gwiwa, sake-sake kamar ba ta da ƙashi, ƙarfen na zubo da ƙara kamar an kwance bakin sama. Fuskarsa ta zama toka, amma yana murmushi. Ya kai ƙarshe, ya sauke dunduniya ɗaya, ɗif.

Ba wanda ya tafa. Ya zauna da kyar ya ce, "Charmaine."

Ta yi. Bai kai nasa ba, amma ruwa ne na gaske.

Cato ya ce daga kusurwa, "Ni na koya masa wannan."

Lonzo ya ce, "Ƙarya kake yi." Sai ya jawo hannuna ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ki buga wa yaron nan likita waya. Ki ce ya wasa kayansa."

Da suka sauke shi na dawo sama. Akwai jini a daɓen, inda ya tsaya. Na goge da kaina kafin wani ya gani.

Talata, 30 ga Oktoba, da safe

Sun shiga da shi ɗakin tiyata. Ya ce wa nas ɗin ta tabbatar ba su ruɗe sun yanke ƙafar mai kyau ba.

Talata, da azahar

Cato na zaune kusa da ni a kan benci. Yana ta ba ni labarin wani wasa a birnin Baltimo da ni ma ina wurin. Na bar shi.

Talata, da la'asar

Ya fito. Likita ya ce an zo a kan lokaci, da kyar.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, da yamma

Ba ya magana. Yana cin abin da aka ba shi, yana shan magani, yana cewa na gode. Lonzo yana cewa na gode! Na fi son tsawarsa.

Ina kallon fuskarsa, ina kallon taga, ina kallon furannin da ɗalibai suka kawo. Ba na kallon ƙasan bargon.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Mun dawo gida. An kawo kujerar da sanduna biyu. Ya ce a jingine sandunan inda ba zai gan su ba. Na jingine su a kusa da gadonsa.

Charmaine ta tambaya ko a dakatar da aji saboda ƙarar, tun da ɗakinsa na ƙarƙashin daɓen ne daidai. Na tambaye shi. Ya ɗaga kafaɗa.

Za a ci gaba.

Litinin, 26 ga Nuwamba, da yamma

Aji. Miya. Magani. Bango yake kallo.

Litinin, 3 ga Disamba, da hantsi

Yau ɗalibai suka roƙe ni in nuna musu tsohuwar rawar da muke rufe wasa da ita, ni da shi. Rawar tambaya da amsa ce: in buga nawa in tsaya, shi ya amsa, in sake bugawa. Na ce su tsaya su kalla tukuna. Na yi nawa, na bar shiru, na yi nawa, na bar shiru. Ban kai rabi ba muka ji ana dukan silin daga ƙasa, bam, bam, bam, har ƙura ta tashi a tsakanin katakan.

Na sauka a guje, na zaci faɗuwa ya yi. Na tarar da shi zaune a bakin gado, sanda ɗaya a hannu, ya ɗaure fuska.

"Wace ce wannan a sama?"

"Wace?"

"Wadda ke barin ramuka a kiɗa. Buga kaɗan ta tsaya, buga kaɗan ta tsaya, kamar mai jiran bas. Wa ya koya mata?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke?"

"Wurinka ne nake bari."

Ya daɗe yana kallona. Ya kalli sandar, ya juya ta a hannunsa, ya ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki da ke hawa ta bango zuwa sama. Ya saurara. Ya ciro robar da ke gindin sandar ya yar, ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfen tsurarsa. Ya gyaɗa kai.

"To me kike tsaye kina yi? Yara na jiranki. Daga farko. Kuma kin rage sauri, tsufa ya fara kama ki."

Na hau. Ban gaya wa ɗalibai komai ba. Na tsaya tsakiyar daɓe na buga nawa, na tsaya.

Amsar ta hauro ta cikin bututun, tas, a daidai wurinta. Charmaine ta dafe baki. Na sake bugawa, ya sake amsawa, wannan karon da ƙari a kai, wani abu sabo da ban taɓa ji ba, don ya ga ko zan iya maido masa.

Ban iya ba. Na ji dariyarsa ta cikin katako.

Gobe zan iya.